Idan Likita Ya Ce Sai An Yi Aiki: Shawarwari Ga Gidan Da Ke Da Mai Ciki

A gidajenmu da yawa, da zarar an bugo waya daga asibiti aka ce "sun ce sai an yi mata aiki", sai salati ya kaure. Wata ta ce a maido ta gida a ba ta rubutu, wani ya ce likitocin zamani wuƙa kawai suka sani. A aika kiran baffa, baffa ya ce a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ana wannan ka-ce-na-ce, mai naƙuda tana can kwance, ɗan da ke cikinta yana galabaita.

Mutane suna ganin aikin ya yi yawa a asibitoci, amma alƙaluma akasin haka suke faɗa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna haihuwa 3 kacal cikin 100 ake yi ta hanyar tiyata, a ƙauyukan Arewa ma bai kai haka ba, alhali a duniya baki ɗaya an haura 20 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mace-macen iyaye da jarirai suna raguwa yayin da adadin yake hawa zuwa 10 cikin 100, kuma a lissafinta na 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu sanadin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Gaskiya ne akwai asibitocin kuɗi masu gaggawar kai mace ɗakin tiyata ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma tiyata babban aiki ne mai nasa haɗarin. Sai dai abin da ya fi cin matanmu jinkiri ne. A kai mace bayan ta kwana biyu tana naƙuda, jini ya ƙare, mahaifa ta fashe, in rai ya yi halinsa a ce ai aikin ne ya kashe ta.

1. Ku san abin da ke sa a yi aiki.

Wani lokacin kan yaro ne ya fi ƙarfin ƙugun uwa, abin da ya fi samun yarinyar da ƙashinta bai gama ƙosawa ba. Wani lokacin yaron ne ya kwanta a gicciye, ko ya taho da ƙafa. Mabiyiya takan sauko ta toshe bakin mahaifa, alamarta zubar jini jawur ba tare da ciwo ba a watannin ƙarshe. Takan kuma ɓalle tun yaro bai fito ba, ciki ya ƙame da azabar ciwo. Akwai cibiyar da ke riga yaro fitowa bayan faya ta fashe, akwai hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, akwai yaron da bugun zuciyarsa ya sauya don ya gaji. Tagwayen da na farkonsu bai kwanta daidai ba, da macen da aka taɓa yi wa aiki sau biyu ko fiye, su ma suna cikin wannan sahu.

Duk cikin waɗannan babu wanda juriya take maganinsa. Macen da ta haifi takwas a ɗakinta ba wanda ya ji motsinta, na tara yana iya zuwa mata a gicciye, kuma mahaifar da ta sha haihuwa ta fi ta sabon-shiga saurin fashewa.

2. A je awo, kuma a buɗe baki a yi tambaya.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, a yi mata hoton ciki kafin mako 24. Wasu sukan je sau ɗaya tak don su mallaki kati, kada a yi musu faɗa ranar haihuwa. An yi asara. A wajen awo ake gano da yawa daga masu bukatar aiki tun da sauran lokaci, a sa musu rana, galibi idan ciki ya cika mako 39, su zo da ƙafarsu da safe, jini yana ajiye, likita bai kwana a tsaye ba. Aikin da aka shirya masa ya fi na gaggawa sauƙi nesa ba kusa ba.

'Yar'uwa, in ciki ya shiga wata takwas ki tambayi malamar awo kai tsaye. Yaya yaron ya kwanta? Ina mabiyiya take? Jinina ya isa, kuma wane rukuni ne? A nan zan haihu ko sai babban asibiti? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in an taɓa yi miki aiki, ko na haihuwa ko na cire ƙari a mahaifa, in kin taɓa haihuwar ɗa ba rai, in kin taɓa jijjiga, in kina da sikila ko ciwon suga, ki faɗa. Akwai masu canza asibiti su ɓoye tsohon ɗinki don kada a ce za a sake. Tabon dai yana nan a jikin mahaifa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

3. A san wanda zai sa hannu tun ciki yana wata bakwai.

Wanda ya taɓa zama a barandar ɗakin haihuwa ya san yadda abin yake. Nas ta fito da takarda da biro, ta ce, "Ina mijinta?" Uwar yarinya da ƙanwar miji suna tsaye, ɗaya riƙe da fulas, ɗaya da ƙullin zannuwa. Maigida yana ci-rani a Kudu, wayarsa ba ta shiga. Uwa ta ce ba huruminta ba ne, ta riga ta aurar. Ƙanwa ta ce ita ba za ta ɗauki wannan nauyi ba, in wani abu ya faru me za ta ce wa Yaya. Nas ta koma ciki da takardarta. Akwai irin gaggawar da likitoci ke so a ciro yaro cikin minti 30 daga yanke shawara. Mu kuwa sai mu cinye awa uku muna neman wanda zai dangwala yatsa.

A ƙa'idar aikin asibiti, mace baliga da ke cikin hayyacinta sa hannunta ya wadatar. Amma mun san gidajenmu, da wuya mace ta yarda a yi mata aiki ba da yawun mijinta ba. To maigida, ka sauƙaƙa wa kowa. Ka tara mahaifiyarka da matarka, in da hali da surukarka, ka faɗa da bakinka: "Duk abin da likita ya ce a yi, a yi, ko ina nan ko ba na nan." Ka naɗa wakili guda ka ambaci sunansa, ka bar lambar waya ta biyu.

Wannan bai hana tambaya ba. Kuna da haƙƙin ku ce wa likita: mene ne dalili, yaya gaggawar take, me zai faru in aka jira? In aikin na sa rana ne kuma hankalinku bai kwanta ba, ku je wani likitan mata ya sake dubawa. In kuwa ana zubar da jini ne, ko yaro ya galabaita, ba lokacin yawon asibitoci ba ne.

4. Kuɗi, jini da mota su riga rago.

Mun iya tanadin suna. Tun ciki yana wata biyar an ɗaure rago ana ba shi dusa, an yanko atamfar fitar suna, ƙawaye sun fitar da anko. Kuɗin asibiti kuwa sai an ce a kawo a shiga buge-bugen waya neman rance, ga shi a asibitin kuɗi aikin yakan ci ɗaruruwan dubban naira. A ware wani abu da sunan haihuwa, a adashe ne, a asusu ne, ko a dabbar da za a iya sayarwa a yini ɗaya. In an sauka lafiya ba a taɓa shi ba, sai ya shiga hidimar suna.

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. A Jamhuriyar Nijar tun 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, aka ayyana aikin kyauta a asibitocin gwamnati. Ku tambaya tun a wajen awo ko asibitinku yana cikin shirin, da takardun da ake nema. Duk da haka kada a zo hannu rabbana, don kyautar ba ta cika hana a miƙo muku takardar sayo magani da tsakar dare ba.

Sai jini. Mace takan zubar da jini wajen aiki fiye da haihuwar da aka saba, matanmu da yawa kuma da ƙarancin jini suke shiga watan haihuwa. A nemi mutum biyu ko uku masu ƙoshin lafiya cikin dangi da maƙwabta, a gaya musu tun da wuri su zauna cikin shiri. Ba lallai rukuninsu ya zo ɗaya da nata ba, asibiti yakan karɓa ya musanya. Leda ɗaya ba ta rage wa namiji komai, jiki yana mayar da ita cikin 'yan makonni.

Mutumin ƙauye kuma ya san motar da za ta tashi da ƙarfe biyun dare, lambar direban tana wayar mutum biyu a gidan. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da tsarin ɗaukar masu naƙuda, Jigawa kuma tana da shirin Haihuwa Lafiya. A san inda za a nufa, don asibitin sha-ka-tafi ba ya tiyata. In hanyarku tana yankewa da damina, a kai mai ciki gidan 'yan'uwa a gari tun ta shiga wata tara.

5. Naƙuda tana da iyaka a gida.

Mafi alheri a haihu a asibiti. In kuwa abin ya kama a gida, wadda ta fara da safe ba ta sauka ba har magariba, ko ta fara da dare har gari ya waye, a tashi. Ba a ma jiran wannan in an ga jini, ko faya ta fashe ruwan ya fito kore-kore, ko hannu ko cibiya ya leƙo, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko yaro ya daina motsi. A sa ido ƙwarai a kan mai haihuwar fari, don kunya takan sa ta ƙule a ɗaki tana cije zani ba ta gaya wa kowa ba.

Kada a kira mai kemis ya yi allurar naƙuda ko ya ba da ƙwayar sawa ƙarƙashin harshe. Maganin nan matsa mahaifa yake yi da ƙarfi, in hanya a toshe take sai mahaifar ta tsage. Kada a hau ciki ana dannawa, kada a yi yankan gishiri. Idan kan yaro ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara, naman wurin mutuwa yake yi, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Matan da suka cika cibiyoyin gyara a Babbar Ruga ta Katsina, da Ningi, da Danja kusa da Maraɗi, galibinsu doguwar naƙuda ce ta kai su, mafi yawansu kuma ba su tsira da jaririn ba. Addu'a ba wanda ya hana, a yi ta a cikin mota.

6. Ku san abin da ke bayan ƙofar ɗakin tiyata.

Rabin tsoron na rashin sani ne. In aikin na sa rana ne, za a hana ta abinci na awa 6 zuwa 8; kada wata mai tausayi ta faki ido ta ba ta kunu, amai a kan gadon tiyata yana iya shiga huhu. In na gaggawa ne, a faɗi gaskiyar abin da ta ci da wanda ta sha, har da jiƙo. A cire sarƙa da awarwaro a damƙa wa amintacciya. Za a ɗaura mata ƙarin ruwa, a sa robar fitsari, sannan mafi yawan lokuta a yi mata allura a gadon baya, jiki ya mutu daga ƙasan ƙirji zuwa ƙafa. Idonta biyu, an kare ta da ƙyalle, tana jin ana ja ana taɓawa amma ba zafi, kuma da kunnenta za ta ji kukan ɗanta. Ana yankan ne a kwance a ƙasan mara, tsawon santimita 10 zuwa 20. Yaro yakan fito cikin kamar minti goma, sauran lokacin na ɗinki ne, duka-duka minti 40 zuwa awa ɗaya. A wasu lokutan ne kawai ake sa barci gaba ɗaya.

Maganar cewa allurar baya tana gurgunta mutum ta fi gaskiyarta yawa. Allurar takan saki ƙafafu bayan 'yan awanni. Kaɗan daga cikin mata sukan yi ciwon kai mai tsananta in sun tashi zaune, ya lafa in sun kwanta. Wannan a gaya wa likita, yana da magani.

7. A bar ta ta taka, a sa mata yaro a nono.

'Yan jinya sukan yi fushi in nas ta zo washegari ta ce mai jego ta sauko ta taka. Gata ake yi mata. Kwanciya wuri ɗaya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan kuma yana iya tafiya huhu. Tafiya 'yar kaɗan tana tayar da hanji, iska ta fita, ciki ya saki. In za ta tashi ta fara juyawa gefe, ta sauko da ƙafafu, ta dogara da hannu; in tari ko dariya ta zo, ta danne ɗinkin da matashi.

Nono kuwa da zarar ta iya riƙe yaro, in da hali cikin awar farko. Dakashi ba ƙazanta ba ne, kada a matse a zubar, shi ne kariyar farko da jariri ke samu. In nono ya yi jinkirin kawowa, yawan tsotso ke janyo shi, kada a yi saurin ɗura wa yaro ruwa ko madarar gwangwani sai da shawarar ma'aikata. Ta shayar a kwance ta gefe, ko ta riƙe shi ta ƙarƙashin hamata, don kada ya danne mara.

8. Kada ku bar asibiti da duhun kai.

Akan yi sallama bayan kwana uku zuwa biyar in komai lafiya. Kafin a naɗe tabarma, a sa likita ya rubuta a kati dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifa, don ciki na gaba zai nemi wannan bayani. A tambayi ko zaren mai narkewa ne ko na cirewa, da ranar dawowa. In rukunin jininta mai alamar ragi ne, na yaron kuma mai alamar tarawa, akwai allurar da ake yi cikin awa 72 don kare 'ya'yan da za su biyo baya.

9. Wankan jego da kunun kanwa: a nan ake yin ta.

Da asuba an hura murhu, garwa tana tafasa, an jefa ganyen darbejiya ko runhu. Gwaggo ta ɗaure zani a ƙirji, ta tsoma damin ganye a ruwan, ta fyaɗa wa mai jego a baya, a ciki, a cinya, tururi yana tashi har ba a ganin fuska. Safe da yamma, har arba'in. A fito a tarar da kwanon kunun kanwa. Wadda ta yi wannan hidimar don ƙauna ta yi ta, kuma haka aka yi mata. Shi ya sa in an ce ta bari take jin an raina ta.

Amma Gwaggo, wadda aka yi wa aiki ciwo ne da ita har cikin mahaifa. Fatar da ke kewaye da ɗinkin takan yi makonni ba ta ji sosai, tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu za ta iya jurewa ya isa. Ban da fyaɗa ganye a ciki, ban da gasa mara da tsumma, ban da zama cikin baho, ban da tamke ciki da zani a kan ɗinki. Kanwa kuma 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta hau da jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a yankin, suka danganta shi da yawan shan kanwa da gasa jiki da zafi. Macen da hawan jini ya kai ta ɗakin tiyata, a dawo gida a dinga ɗura mata kunun kanwa, an mayar da hannun agogo baya.

Hidima ba ta ƙare ba don an sauke garwa. Ga kunun gyaɗa, ga farfesun kaza da na kifi, ga hanta, ƙwai, wake, zogale da alayyafo don mayar da jini, ga gwanda da lemo da ruwa mai yawa don bayan gida ya yi laushi, kada ta yi yunƙuri a kan ɗinki. Ki wanke mata baya, ki matsa mata ƙafa, ki karɓi jariri ta samu barci. Shi kuma maigida, shi ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa wannan bayani cikin ladabi, kada a bar yarinya da ciwo tana jayayya da surukarta.

10. Ɗinki ba ya son komai sai tsabta da iska.

A wanke hannu kafin a taɓa. Bayan wanka a dangwale wurin da tsumma mai tsabta har ya bushe, musamman ga mai teɓa, inda fata ke rufe ciwon gumi ya taru. A ɗaura zani sama da wurin. Kada a shafa man shanu, man kaɗanya, toka ko garin magani. A shanye magungunan da aka rubuta har ƙarshe. Farasitamol ba ya cutar da mai shayarwa, amma kada a sayo mata taramadol ko kodin a kemis, suna bin nono su kai ga jariri.

11. Mako shida ba daka, ba ɗiban ruwa.

Kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi. Ba jan guga, ba surfe, ba wankin tsugune, ba goyon yayan jariri. Waje yakan warke cikin mako biyu, ciki kuwa da saura. In ba a kai ta wankan gida ba, a samo mai taya ta zama.

Ranar suna tana zuwa ne bayan an dawo daga asibiti da kwana biyu ko uku. A raɗa suna da safe, a yanka rago, amma taron mata a rage shi ko a ɗaga zuwa arba'in. Ba dole ne ta yini tana canza kaya tana durƙusa wa baƙi ba. Mai mura ya yi barka daga bakin ƙofa.

Jinin biƙi yana zuwa ko da aiki aka yi, hukuncinsa kuma ɗaya ne. In ta yi tsarki ruku'u da sujada suna yi mata wuya, addini ya sauƙaƙa mata ta yi salla a zaune.

12. Alamomin da ba a kwana da su.

Zazzaɓi da rawar sanyi. Ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko ya buɗe. Jini mai wari, ko mai jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, ko mai manyan gudaji. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, don jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Numfashi sama-sama, ko kasa kwanciya sai a jingine. Fitsari yana zuba ba ta sani ba. Ko ɗaya aka gani a koma inda aka yi aikin, da katin a hannu.

Akwai kuma wadda ba a gani a jiki: mai jego ta yi ta kuka ba dalili, ba barci, ba ta son ɗaukar yaro, har ya wuce mako biyu. Kafin a ce iska ce ko mayu, a kai ta likita, ciwon damuwa ne da ke bin haihuwa kuma ana warkewa.

13. Ciki na gaba.

Mahaifar da aka ɗinke tana son hutu. Likitoci sukan ce a bari aƙalla wata 18 zuwa shekara biyu kafin wani cikin ya shiga, kuma mace tana iya ɗauka tun al'ada ba ta dawo ba, ko da tana shayarwa. Saboda haka a yi maganar tazara tun kafin maigida ya koma ɗaki, wato bayan jini ya ɗauke an kuma je dubawar mako shida. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai robar mahaifa, ma'aikata za su duba wadda ta dace da ita. Matsi da sauran kayan cushe-cushe a ajiye su tukuna.

Ba gaskiya ba ne cewa wadda aka yi wa aiki sau ɗaya ta rabu da haihuwa da kanta. In yankan na kwance ne, kuma dalilin farko bai dawo ba, kusan uku cikin huɗu na masu gwadawa suna haihuwa lafiya. Sharaɗin ɗaya ne, ba sassauci: a babban asibiti mai ɗakin tiyata da jini, don cikin kowace 200 akan sami kamar ɗaya da tsohon ɗinkin ke buɗewa ana tsakiyar naƙuda, wannan kuwa mintuna ne tsakaninta da halaka. Mai tabo a mahaifa ba ta haihuwa a gida, ko da ungozomar unguwa ta fi kowa hannu. Babu wani adadi da aka yanke cewa daga shi an rufe, amma kowane aiki yana ƙara haɗarin mabiyiya ta manne a jikin tabon, don haka likitan da ya ga cikin da idonsa shi za a saurara. In ya kawo shawarar ɗaure mahaifa, a zauna a tattauna tun kafin ranar aiki, da yardar mai jikin.

14. A kama baki.

"Ai ita ba ta san zafin haihuwa ba, ciro mata aka yi." "Raguwa, ta cinye wa miji kuɗi." Irin wannan gori daga bakin kishiya, faccala ko dangin miji shi ke sa mace ta gudu daga asibiti da daddare in ta ji an ambaci aiki, shi ke sa ta ɓoye tsohon ɗinki ta zauna naƙuda a ɗaki. Mai gorin ba ta zuwa ɗakin tiyata, ba ta kuma ɗaukar marayu. Hajiya uwar gida, ke ce za ki tsawatar, don in kika yi shiru kowa ya samu lasisi. In kun shiga barka ku ce mata sannu da arziƙi, Allah Ya raya, Allah Ya ƙara sauƙi, ku ajiye abin da kuka kawo ku tashi.

Kai kuma maigida, in akwai mai ciki a gidanka, yau bayan sallar isha'i ka ce ta miƙo maka katin awonta. Ka duba watan haihuwa, ka duba rukunin jininta, ka tambaye ta abin da malamar awo ta ce a zuwanta na ƙarshe. In babu katin, gobe da safe ka kai ta da kanka.